Hisabin Shekara a Gidan Mujallar Likitanci



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti likita ya duba shi ya rubuta masa magani, to, akwai hannun wata mujalla a cikin al'amarinsa, ko da kuwa bai taɓa ganin bangonta ba. Dalili kuwa shi ne, kafin magani ya shiga littattafan koyarwa, kafin malamai su karantar da shi a makarantun likitanci, sai wasu masu bincike sun jarraba shi, sun rubuta abin da suka gano, sun aika wa wata mujalla ta buga. Idan abin da aka buga daidai ne, marasa lafiya su amfana. Idan kuwa kuskure ne, ko ƙarya, su ne za su ji a jikinsu. Saboda haka tambayar da wannan lacca ta sa a gaba ta shafi kowa: su waɗanda ke riƙe da waɗannan mujallu, yaya suke yi wa kansu hisabi idan shekara ta zagayo? Me suke ƙirgawa, me kuma yake kuɓuce musu?

Mafi yawan misalan za su fito ne daga manyan mujallu huɗu, domin su ne suka fi bayyana sirrin aikinsu a fili, kuma su ne aka fi yin nazari a kansu. Akwai New England Journal of Medicine da aka kafa a Amurka a 1812, da JAMA, watau mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka, wadda ta soma fitowa a 1883. A Ingila kuwa akwai BMJ ta Ƙungiyar Likitocin Birtaniya, wadda asalinta ya koma 1840, da The Lancet wadda wani likita mai suna Thomas Wakley ya kafa a 1823. Sunan wannan ta ƙarshe abin lura ne ga mai sha'awar harshe, domin kalmar tana nufin 'yar askar da ake tsaga maruru da ita, irin wadda wanzami ya sani. Wakley ya fito ne da niyyar tsaga ruɓar da ya gani a sana'ar likitanci ta zamaninsa.

Masu mujalla da masu zaman hisabi

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a bambanta ƙungiyoyi uku waɗanda sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko masu mujallar, watau ƙungiyar likitoci ko kamfanin ɗab'i. The Lancet, alal misali, tana hannun kamfanin Elsevier tun 1991. Na biyu babban edita da mataimakansa, waɗanda ke yanke hukunci a kan kowace maƙala. Na uku hukumar editoci, watau taron masana daga jami'o'i da asibitoci, waɗanda ake jera sunayensu a shafin farko. A manyan mujallu aikin wannan hukuma yawanci shawara ne. A ƙananan mujallu kuwa, musamman na ƙungiyoyin ƙwararru, 'yan hukumar su ne ke yin ainihin aikin, bayan sun tashi daga asibiti, ba tare da an biya su ko anini ba. Ko wace iri ce, al'adar ita ce su zauna aƙalla sau ɗaya a shekara, babban edita ya gabatar da rahoto, a yi masa tambayoyi, a tsara abin da za a sa a gaba.

To, amma wa ke auna shi editan? Nan ne ake yin ta. A watan Janairu na 1999 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta sallami George Lundberg, wanda ya shekara 17 yana editan JAMA, saboda ya gaggauta buga wata maƙala da shugabannin ƙungiyar suka ga tana da nasaba da shari'ar da majalisa ke yi wa Shugaba Clinton a lokacin. Editocin duniya suka yi ca a kan ƙungiyar, suka ce idan mai mujalla zai iya korar edita don bai ji daɗin abin da aka buga ba, to, ba a san maƙalar da za ta tsira ba. Abin da ya biyo baya shi ne aka kafa wani kwamiti na mutum bakwai tsakanin ƙungiyar da editan, aka ɗora masa auna aikin editan kowace shekara, domin kada hukuncin ya zauna a hannun masu kuɗi su kaɗai. Irin wannan rikici ya sake aukuwa a Kanada a watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka sallami John Hoey daga mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar, har mafi yawan 'yan hukumar editocin suka ajiye muƙamansu. Ashe ke nan zaman hisabi ba zaman ƙidaya ba ne kurum. Wani lokaci a nan ake kare 'yancin mujalla ko a sarayar da shi.

Abin da ya shigo, da saurin fitarsa

Shafin farko na rahoton edita kusan kullum iri ɗaya ne: maƙala nawa aka karɓa bana, nawa aka mayar wa masu su nan take ba tare da an aika wa kowa ba, nawa aka aika wa masu tantancewa, nawa aka buga. A mujallu irin su The Lancet da New England Journal of Medicine, abin da ke tsallakewa cikin rahotannin bincike bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari ba. Mujallu kan yi alfahari da wannan adadi, sai ka ce yawan korar baƙi shi ke nuna girman gida. Amma adadin ba ya faɗar kome game da ingancin abin da aka buga, balle darajar abin da aka mayar. Mujalla tana iya rage kasonta na karɓa ta hanyar jawo tarin maƙalu marasa kan gado kawai, ba tare da ta ƙara wa kanta kome ba.

Daga nan sai lissafin kwanaki: kwana nawa tsakanin isowar maƙala da hukuncin farko, kwana nawa tsakanin karɓa da bugawa. Wannan lissafi yana da hujja mai ƙarfi. Matashin malami da ke jiran ƙarin girma, idan aka riƙe masa maƙala wata tara sannan aka ce ba a so, an cuce shi. Idan kuma binciken ya gano magani mai ceton rai, ko ya gano illar wani da ake sha, kowane mako na jinkiri mutane ne. Saboda haka kowace hukuma tana son ta ga kwanakin nan suna raguwa daga shekara zuwa shekara.

Sai dai shekarar 2020 ta nuna inda wannan buri ke kaiwa idan ba a yi masa linzami ba. Editocin JAMA sun bayyana cewa daga 1 ga Janairu zuwa 1 ga Yuni na wannan shekara sun karɓi maƙalu fiye da 11,000, alhali a daidai wannan lokaci na 2019 kimanin 4,000 suka karɓa. Annobar korona ce ta jawo haka, kuma duk manyan mujallu sun shiga irin wannan hali. Ana cikin haka, ranar 22 ga Mayu, The Lancet ta buga wata maƙala a kan haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro. Maƙalar ta ce ta dogara ne da bayanan marasa lafiya 96,032 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, waɗanda wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Surgisphere ya tattara, ta kuma ce maganin yana ƙara yawan mutuwa ga masu korona. Cikin 'yan kwanaki Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin da take yi na maganin. Masu karatu ne suka fara lura da cewa lissafin bai hau ba. Adadin waɗanda maƙalar ta ce sun mutu a Ostareliya ya zarce abin da hukumomin ƙasar suka sani, bayanan da aka jingina wa asibitocin Afirka kuwa sun fi ƙarfin irin rijistar da aka san asibitocin suna da ita. Da aka nemi kamfanin ya buɗe littafinsa a duba, sai ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar, a kuma wannan rana New England Journal of Medicine ta janye wata da ta dogara da kamfanin. A watan Satumba The Lancet ta sauya ƙa'idarta, ta ce lalle ne fiye da mutum ɗaya cikin mawallafa ya shaida cewa ya ga ainihin bayanan da idonsa. Da a ce za a duba shafin kwanaki ne kaɗai a rahoton wannan shekara, da maƙalar nan tana cikin abubuwan yabo, domin ta fito da sauri.

Masu tantancewa

Tushen amanar mujalla shi ne al'adar aika kowace maƙala ga masana biyu ko uku na fannin su yi mata bita kafin edita ya yanke hukunci. Rahoton shekara yakan nuna mutum nawa aka roƙa, nawa suka amsa, kwana nawa suka ɗauka. Mujallu da yawa kan buga sunayensu a shafuka na musamman don godiya, kuma sau da yawa wannan godiya ita ce ladan duka. Abin da rahoto bai cika nunawa ba shi ne ko bitar tana kama kuskure.

An jarraba wannan. A 1998 Fiona Godlee, wadda daga baya ta zama babbar editar BMJ, da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki wata maƙala suka dasa mata kurakurai takwas da gangan, suka aika wa masu tantancewa 420. Mutum 221 suka amsa, kuma a tsakaice kowannensu kuskure biyu ya gano cikin takwas ɗin. Wannan ba ya nufin a yi watsi da al'adar, domin ba a samo abin da ya fi ta ba tukuna. Yana dai nuna cewa mai tantancewa yana karanta abin da aka ba shi ne, da zaton alheri, cikin ɗan lokacin da ya samu. Ba ya zuwa asibitin ya ƙirga marasa lafiya. Wanda ya shirya ƙarya da kyau zai iya wuce shi. Tun 1989, lokacin da JAMA ta shirya taron farko na duniya a kan wannan batu a Shikago bisa jagorancin Drummond Rennie, editoci suke sa aikinsu a ma'auni irin na kimiyya, kuma daga irin waɗannan nazarce-nazarce ne BMJ ta koma sanar da mawallafi sunan wanda ya tantance masa aiki a 1999. Hukumar da ta san aikinta takan tambaya ko akwai masanin ƙididdiga da ke duba kowane rahoton bincike, domin a wurin lissafi ne likitoci suka fi yin tuntuɓe.

Ma'aunin ambato

Yanzu an zo ga adadin da ya fi kowane ɗaukar hankalin zama, wanda idan ya hau a yi murna, idan ya sauka a shiga neman mai laifi. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar ƙirga ambato a 1955, watau a riƙa lissafa sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da wata maƙala a cikin nasu rubutun. Cibiyar da ya kafa ta soma fitar da rahoton shekara-shekara na mujallu a 1975, aikin kuma ya koma hannun kamfanin Clarivate a 2016. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka wata mujalla ta buga maƙala 200 a shekarun 2022 da 2023, sa'an nan aka ambaci waɗannan maƙalu sau 600 a cikin 2024. Sai a raba 600 da 200, makinta na 2024 ya zama 3. Manufar farko ita ce a taimaki masu kula da ɗakunan karatu su san mujallar da ta cancanci kuɗinsu. Amma a hankali sai makin ya zama abin da ake auna mutane da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da ba da kuɗin bincike.

Aibin wannan ma'auni ya fi ɗaya. Per Seglen ya nuna a BMJ a 1997 cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na maƙalun mujalla su ke kawo rabin ambaton da take samu, rabin maƙalun kuma su ke kawo kashi 90. Watau maƙalu kaɗan ne ke ɗauke da sauran, kamar yadda attajiri guda zai iya sa a ce 'yan unguwa a tsakaice masu hali ne. Bayan wannan, abin da ake rabawa da shi ba tsayayye ba ne. Sharhin edita da wasiƙu da labarai ba sa shiga lissafin maƙalu, amma ambaton da suka jawo yana shiga. Editocin PLoS Medicine sun bayyana a 2006 cewa makinsu yana iya kaiwa 11 ko ya faɗi ƙasa da 3, gwargwadon abin da aka yarda a ƙirga a matsayin maƙala. Adadin da zai iya yin irin wannan lilo bisa ciniki, da wuya a kira shi awo.

Daɗin daɗawa, duk abin da aka mayar abin gasa sai an sami masu yi masa dabara. Akwai editan da zai ce wa mawallafi ya ƙara ambaton mujallarsa kafin a karɓi aikinsa. A 2013 aka dakatar da wasu mujallun likitanci huɗu na Burazil daga jerin, bayan an gano editocinsu sun haɗa baki suna ambaton juna don su ɗaga makinsu. Akwai kuma dabarar da ba a hukunta kowa a kanta, wadda ta fi wannan illa: mujalla ta daina buga rahoton abin da likita ya gani a jikin marar lafiya guda, ko bincike a kan cutar da masu nazarinta ba su da yawa, saboda irin waɗannan ba sa jawo ambato. Cutar da ke kashe talakawan karkara ba ta da tarin masu rubutu da za su ambaci juna. Har ma ƙaddara tana wasa da makin: na The Lancet ya tashi daga kimanin 79 na shekarar 2020 zuwa fiye da 202 na 2021, ya wuce na New England Journal of Medicine, saboda maƙalun korona. Ba wanda zai ce ingancin aikin editocin ya ninka fiye da sau biyu cikin wata goma sha biyu. Maƙalar ƙarya ma tana jawo ambato, domin mai ƙaryata ta dole ya ambace ta. Wannan ya sa wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Faransisko a ƙarshen 2012, suna kira da a daina auna mutum da makin mujallar da ya buga aikinsa a ciki. Dubban mutane da cibiyoyi sun sa hannu. Duk da haka makin bai bar shafin farko na tallar mujallu ba.

Kuɗi, da abin da ba a buga ba

Ma'aji ma yana da nasa shafin. Mujalla tana samun kuɗi ta hanyar masu biyan kuɗin shekara, da tallace-tallace, da kuɗin da wasu mujallu ke karɓa daga mawallafa don a bar kowa ya karanta kyauta, da kuma sayar da kofe na maƙala guda. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro. Idan aka buga gwajin da ya yabi wani magani, kamfanin da ke yin sa yakan sayi dubban kofe ya raba wa likitoci. Wani nazari da aka buga a 2010 ya nuna cewa a shekarun 2005 da 2006 irin wannan ciniki ya kawo kashi 41 cikin ɗari na kuɗin shigar The Lancet, da kashi 3 na BMJ. Ba sai edita ya karɓi toshiya ba kafin wannan ya yi aiki a zuciyarsa. Ya isa a ce ya san wace maƙala ce za ta cika asusu. A watan Nuwamba na 2000 New England Journal of Medicine ta buga gwajin Vioxx, wani maganin ciwon gaɓɓai na kamfanin Merck. A watan Satumba na 2004 kamfanin ya janye maganin daga kasuwa saboda haɗarinsa ga zuciya, sai a watan Disamba na 2005 mujallar ta sanar cewa akwai mutum uku da suka sami bugun zuciya waɗanda ba a sa su cikin maƙalar ba. Shekara biyar ke nan tsakani.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da shafi ko kaɗan, watau binciken da aka yi aka ɓoye. Erick Turner da abokansa sun bi sawun gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka yi wa rijista a hukumar magunguna ta Amurka, suka buga abin da suka samu a 2008. Cikin 38 da suka nuna maganin yana aiki, an buga 37. Cikin sauran 36, ba a buga 22 ba sam, 11 kuma an rubuta su ta yadda mai karatu zai zaci an yi nasara. Likitan da ya karanta mujallu da gaskiya da himma zai fito da fahimtar da ba daidai ba, ba tare da an yi masa ƙarya a shafi ko ɗaya ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani zama a Bankuba ta Kanada a 1978, ya yanke a 2004 cewa daga 2005 mujallunsa ba za su buga gwajin da ba a yi masa rijista a fili tun kafin a soma ɗaukar marasa lafiya ba. Wannan na cikin ƙa'idoji mafi amfani da editoci suka taɓa kafawa, kuma abu ne da hukuma za ta iya ƙirgawa: cikin gwaje-gwajen da aka buga bana, nawa ne abin da suka ce za su auna tun farko ya dace da abin da suka ba da rahotonsa a ƙarshe?

Gyara da janyewa

Shafin da ya fi cancantar dogon zama, wanda kuma aka fi son a wuce da sauri, shi ne na gyare-gyare da ƙorafe-ƙorafe da maƙalun da aka janye. Ƙarancin janyewa ba shaidar tsabta ba ce, domin yana iya zama alamar mujalla ba ta amsa wasiƙar masu ƙorafi. Abin aunawa shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin ƙorafi da hukunci. An ga maƙalar Surgisphere ta faɗi cikin kwana 13. Ga kishiyarta. A watan Fabrairu na 1998 The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokansa a kan yara 12, wadda ta sa iyaye zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum tana jawo otizim, lalurar nan da ke hana yaro cuɗanya da magana yadda ya kamata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga kimanin kashi 92 cikin ɗari zuwa kimanin 80, ƙyanda kuma ta dawo. A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya tona cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin ƙarar masu yin allurar, goma daga cikin mawallafan suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. Amma mujallar ba ta janye maƙalar ɗungum ba sai a watan Fabrairu na 2010, bayan hukumar ladabtar da likitoci ta Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya. An yi zaman hisabi na shekara-shekara har sau goma sha biyu maƙalar tana nan.

Ba a zauna haka nan ba. The Lancet ta naɗa mai sauraron koke mai zaman kansa a 1996, wanda ke buga rahotonsa a cikin mujallar, a 1997 kuma wasu editoci a Birtaniya suka kafa kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE, wanda ya tsara matakan da edita zai bi idan an yi zargin satar fasaha ko ƙirƙirar sakamako. Cikin abubuwan da ake dubawa har da takardar izinin kwamitin ɗa'a na asibitin da aka yi binciken. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan muhimmancin wannan takarda. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a birnin, 11 suka rasu, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata tsohon kwanan wata. Editan da ke Landan ko Bostan takarda kawai yake gani.

Daga ina maƙalun suke zuwa

Wasu mujallu kan kasa maƙalun shekara bisa ƙasashen mawallafa. A 2004 Athula Sumathipala da abokansa suka duba manyan mujallu biyar, suka tarar ƙasashen da kashi 90 cikin ɗari na mutanen duniya ke zaune a cikinsu ba su samar da abin da ya wuce kashi 6.5 na maƙalun ba. Hisabin mujallun Afirka kuwa wani iri ne dabam. Tambayar farko a wurinsu ita ce ko fitowa huɗun da aka yi alkawari sun fito a kan lokaci, domin manyan rumbunan da ke jera mujallu, irin su MEDLINE na Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, suna duba wannan kafin su karɓi mujalla. Mujallar da ba ta cikin jerin ba a ganinta, wadda ba a gani ba a ambatonta, wadda ba a ambato kuwa malamai ba sa kai mata aikinsu mafi kyau, musamman da yake kwamitocin ƙarin girma na jami'o'in nahiyar kansu sukan fifita abin da aka buga a waje. An yi ƙoƙarin warware wannan ƙulli. A 1998 aka buɗe African Journals Online don a sa mujallun nahiyar a intanet, a farkon shekarun 2000 kuma aka ƙulla abota tsakanin wasu mujallu, aka haɗa Ghana Medical Journal da The Lancet, Malawi Medical Journal da JAMA, African Health Sciences ta Yuganda da BMJ, domin horar da editoci da masu tantancewa.

Saura abu guda da ya shafi fannin harshe kai tsaye. Matar da aka ɗebi jininta a wani ƙauye don bincike a kan zazzaɓin cizon sauro ko ciwon sikila, da Hausa aka nemi izininta, amma da Ingilishi ko Faransanci za a buga sakamakon, a mujallar da ba za ta taɓa gani ba. Tun 2014 BMJ ta soma sa marasa lafiya cikin masu tantance maƙalu, tana kuma tambayar mawallafa irin rawar da marasa lafiya suka taka a binciken, daga baya ta ƙara da tambayar yadda za a mayar wa waɗanda aka yi gwajin da su labarin abin da aka gano. Idan mujallun da ke buga binciken da ake yi a ƙasar Hausa suka sa wannan tambaya cikin rahotonsu na shekara, za a bukaci masu fassara taƙaitaccen sakamako zuwa Hausa, da daidaitattun kalmomi na cututtuka da magunguna da ƙididdiga, kuma wannan aiki ne da tsangayar likitanci ba za ta iya ba sai da sashen harsuna.